Kundin Malam Nasiru

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wasu ko an tuna mini ba na iya kamo su, amma ranar da Malama Saude ta fara shigowa ofishinmu tana nan daram a zuciyata. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin abubuwan da na gani kafin in ajiye aiki, nata zan ba ku, musamman ku da aka ɗauka kwanan nan kuka tarar da komai a cikin kwamfuta.

A damunar shekarar 1999 ne, soja ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba. Ina matsayin babbar jami'ar laburare a sashen ajiye kundayen digiri na jami'armu. Wanda yake sama da ni shi ne Alhaji Garba, mataimakin shugaban laburare, Allah ya ji ƙansa. Ga wanda bai san aikin ba, duk ɗalibin da ya kammala digiri na biyu ko na uku sai ya kawo mana kwafin kundin binciken da ya rubuta, an ɗinke shi da bango mai ƙarfi, mu ba shi lamba mu jera a kanta. Takardar da bangon namu ne. Abin da aka rubuta a ciki kuwa, a ƙa'idar wurinmu, na marubucin ne, shi ake kira haƙƙin mallaka. Kowa yana iya zuwa ya zauna ya karanta. Muna iya yi wa mai bincike fotokwafin 'yan shafuka kaɗan. Amma kundi ba ya fita daga ginin, ba a kwafe shi dukansa, ba a kuma buga shi littafi, sai marubucin ya ba da izini a rubuce ya sa hannu. Idan ya rasu, izinin ya koma hannun magadansa.

Da hantsi ta shigo, an ɗauke ruwa ke nan, gefen hijabinta duk ya jiƙe. Mace ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, doguwa, mai magana a hankali. Muka gaisa.

"Malama, an ce nan ake ajiye littattafan da ɗalibai suka rubuta."

"Nan ne. Na wa kike nema?"

Ta sunkuyar da kai. Na gane mijinta ne, ba za ta kama sunansa ba.

"Na baban Ummi ne," in ji ta. "Ya yi a kan kaɗi da saƙar matan Dala."

Ban ko duba katin lamba ba, na san kundin, na san mai shi. Malam Nasiru ƙaramin malami ne a sashen Hausa lokacin da ya yi digirinsa na biyu. Kusan kullum yana laburare, kuma da ya ji ni 'yar unguwar Shahuci ce, sai ya riƙa tsayawa a teburina yana tambayata yadda kakata take kiran kaza da kaza na kayan kaɗi. Daga baya, da mulkin soja ya tsananta, ya shiga cikin malaman da suke rubutu a jarida suna sukar yadda ake tafiyar da ƙasa. Aka fara kama abokansa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana aka wayi gari ba ya nan. Jami'an tsaro suka je gidansu a Dala suka kwashe duk wata takarda da suka gani, har da nasa kwafin kundin. Tun daga nan shekaru suka yi ta wucewa, ba wanda ya ji ɗuriyarsa.

Na ɗauko mata kundin na ajiye a gabanta. Ba ta buɗe nan da nan ba. Ta daɗe tana kallon sunansa a jikin bangon, sannan ta ce so take a yi mata fotokwafinsa gaba ɗaya. Ba don kanta ba, don Inna, mahaifiyarsa. Inna ta tsufa, idonta ya tafi, ƙafa kuma ba ta kai ta ko soro. Ita ce babbar wadda ya yi hira da ita a binciken, ita ta tara masa ƙawayenta masu kaɗi. Tun da aka ce soja sun sauka, kullum da safe sai ta sa a share ɗakinsa, tana cewa yau ko gobe. Da shiru ya yi yawa sai ta ce to a kawo mata littafinsa ta riƙe.

Na yi mata bayanin ƙa'ida kamar yadda na yi muku. Ta saurara har na gama.

"Ni matarsa ce fa, Malama."

"Na sani. Amma shi ne mai abin, kuma ba a ce ya rasu ba."

"Allah ya kiyaye," ta faɗa da sauri.

Na shiga wurin Alhaji Garba na faɗa masa, ina fatan ko zai samo wata ƙofa. Ya fito da kansa ya gaishe ta, ya tambayi jikin Inna, sannan ya ce mata, "Malama, wallahi da nawa ne da yanzu kin tafi da shi. Amana ce aka ba mu. Ki zo duk ranar da kike so ki karanta, kujerar nan taki ce. Shafukan da doka ta yarda kuma za a yi miki yanzu." Ta zaɓi shafin sadaukarwa, inda ya ambaci Inna, da farkon babi na uku. Ta tafi ranta ba daɗi.

Na ɗauka ba za ta dawo ba. Ranar Alhamis sai ga ta. Tana koyarwa a wata Islamiyya a unguwarsu, ranar ce ba ta da aji. Daga nan ya zama duk Alhamis tana hanya, ta fito daga lungunan Dala a ƙafa har bakin titi, ta hau tasi zuwa jami'a. Kundin da Hausa aka rubuta shi, don haka ba ta buƙatar kowa. Takan karanta shafi ɗaya sau da yawa, leɓenta yana motsi kamar mai hadda, ta rufe ido ta maimaita. Na tambaye ta dalili, ta ce in ta koma gida Inna za ta ce, "To, me ya ce yau?" Ita kuma sai ta zauna a bakin gado ta biya mata.

Wani lokacin in ɗakin ba mutane mukan ɗan taɓa hira. A nan na ji cewa 'yarsu Ummi tana goye ya tafi, yanzu har ta shiga firamare, ba ta san fuskarsa ba sai a hoto. Na kuma ji cewa 'yan uwanta sun daɗe suna matsa mata ta je gaban alƙali a raba auren, tunda shari'a ta ba ta dama. Takan ce musu ta ji. A shekarar nan kuwa kusan kowane mako sai ka ji wane ya dawo daga gudun hijira, an fito da wane daga kurkuku, ana ta zuwa barka. Duk wanda aka ce ya dawo, sai Saude ta aika a tambaye shi ko ya ga nata. Haka take bin 'yan kasuwar Kurmi masu fatauci zuwa ƙasashen maƙwabta, tana ba su sallahu.

Ana cikin haka Farfesan da ya duba aikin Malam Nasiru ya zo wurinmu. Dattijo ne mai mutunci, kuma kowa ya san ba shi da ɗalibin da yake ji da shi kamar Nasiru. Ya ce wani kamfanin ɗab'i yana son fitar da jerin littattafai a kan sana'o'in gargajiya, yanzu da aka sami sararin yin magana, kuma shi a ganinsa ba kundin da ya fi wannan cancanta. Ya san ƙa'ida sarai, tare da shi aka tsara ta. Abin da ya kawo shi shi ne neman mafita. Na haɗa shi da Saude wata Alhamis a ofishin Alhaji Garba.

"'Yata," in ji Farfesa, "masu kaɗin nan ƙarewa suke yi. In ba a buga aikin nan ba, nan gaba ba wanda zai san an yi su. Sunan mijinki ma ya kamata ya fita duniya ta san abin da ya yi. Akwai hanya. Idan kika je gaban alƙali kika shaida cewa ya ɓace, ba a san inda yake ba, alƙali yana iya ɗora wani a kan abin da ya mallaka. Daga nan sai ki sa hannu, a buga, Inna ma ta sami nata."

Na juya wajen Saude. Ga abin da take nema tun watanni an miƙo mata.

"Baba, na gode," ta ce. "Amma ba zan iya tsayawa gaban alƙali in ce ya ɓace ba. Bai ɓace ba. Tafiya ya yi."

Farfesa bai ja maganar ba. Ya ce Allah ya bayyana shi, muka ce amin.

Bayan kaka, wata Litinin, ba ranar zuwanta ba, sai ga ta ta shigo kusan da gudu, hannunta riƙe da kaset. Wani Alhaji mai fataucin goro a Jakara, cikin waɗanda ta ba sallahu, ya dawo daga Kumasi ta ƙasar Gana. A can ya yi kiciɓis da Malam Nasiru a zangon Hausawa, yana koyar da yara a wata 'yar makaranta. Yana raye. Sai dai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannun dama ba ya aiki, ƙafar ma jan ta yake yi. Da can ya ƙi aiko da saƙo don kada ya jawo wa gida fitina, da ciwon ya zo kuma sai ya kasa yarda Inna ta ji halin da yake ciki. Alhajin ya zaunar da shi ya ba shi labarin gida kaf, har da maganar kundi. Tunda ba ya iya riƙe alƙalami, sai aka samo rikoda ya yi magana. Fuska ɗaya ta kaset ɗin ta Inna ce da iyalinsa. Ɗaya fuskar tamu ce.

Alhaji Garba ya aika aka kira Farfesa, aka aro rikoda daga sashen na'urori, muka rufe ƙofar ofis. Muryar ta fito da nauyi, harshen yana ɗan karyewa, amma tun daga sallamar na san shi ne. Ya faɗi cikakken sunansa da sunan kundin, sannan ya ce:

"An gaya mini kun hana iyalina kwafi sai da izinina. Allah ya saka muku da alheri. Na ba da izini a yi wa mahaifiyata kwafi ɗaya cikakke, a sa masa bango. Maganar bugawa kuwa, malamina Farfesa ya yi mini haƙuri, ya yafe mini. Matan da suka ba ni waƙoƙinsu da labarin zamansu, ce musu na yi jarrabawa zan yi da shi, malamaina da masu karatu a laburare ne za su gani. Ban ce musu za a kai kasuwa ba. In Allah ya ba ni sauƙi na dawo, zan bi su gida-gida in tambaye su da bakina. Wadda ta yarda a bar nata, wadda ba ta yarda ba a cire."

Daga nan ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har ni, ya ce a gaida Malama 'yar Shahuci in tana nan. Sai ya tambaya ko har yanzu itacen ɗorawar da ke bayan laburare yana nan. A nan saƙon ya ƙare, aka kashe rikodar.

Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Shi ne," ya ce. "Kuma gaskiyarsa ne. Ni na karanta aikin nan sau da yawa, ban taɓa tambayarsa abin da ya yi wa matan alkawari ba."

Saura matsala ɗaya. Ƙa'ida ta ce izini a rubuce da sa hannu, ba ta san murya ba. Alhajin goro kuma ba zai koma Kumasi ba sai bayan watanni, balle a kai takarda Malam Nasiru ya dangwala yatsa, ga jikin Inna kullum ƙara rauni yake yi. Alhaji Garba ya kai maganar gaban kwamitin laburare, wato shugaban laburare da wakilan tsangayoyi, masu yanke hukunci a kan duk abin da ƙa'ida ba ta fayyace ba. Ba na cikin zaman, amma na ji an ja. Wasu sun ce in aka buɗe wannan ƙofa gobe kowa sai ya kawo kaset. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa in rubuta maganar kalma da kalma, ma'aikata biyu da suka san muryarsa su sa hannu a matsayin shaidu, a ajiye kaset ɗin a fayil bayan an kwafa wa iyalinsa nasu, izinin kuma ya tsaya a kan kwafi ɗaya na gida kamar yadda ya faɗa. Ni da Farfesa muka sa hannu. Shi da ya zo neman a buga, da hannunsa ya shaida cewa an hana shi.

Ni na tsaya a kan injin fotokwafi har aka gama, na kai wurin masu ɗinki aka sa bango. Ranar Asabar bayan la'asar na ɗauka na nufi Dala. Daga gidanmu ba nisa, a ƙafa na tafi. Gidan irin na dā ne, soro biyu kafin tsakar gida. Na tarar Saude ta tara sauran ƙawayen Inna da suka rage, tsofaffi huɗu ko biyar, suna zazzaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Inna tana jingine da filo, 'yar ƙarama da ita, rikoda a gefenta. Saude ta raɗa mini cewa tun da kaset ɗin ya zo Inna ba ta yarda a matsar da rikodar.

Na durƙusa na gaishe ta, na ɗora mata kundin a cinya. Ta shafa bangon, ta shafa gefen takardun, ta ɗaga shi da hannu biyu tana jin nauyinsa.

"Duk wannan shi ya rubuta?"

"Shi ne, Inna. Amma rabinsa maganarku ce."

"To karanta mini inda na yi magana, 'yar nan."

Na buɗe na karanta inda take bayanin yadda take shiɓar auduga da asuba, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari, Nasiru yana goye a bayanta yana kama zaren yana tsinkawa. Tana ji tana gyaɗa kai, yatsunta suna murza gefen zane kamar mazarin yana hannunta. Da na kai ƙarshe ta ce, "Haka na faɗa. Bai ƙara ba, bai rage ba."

Sai sauran suka ce su ma a karanta nasu. Na zo kan wata waƙar kaɗi da wata mai suna Baba Kande ta rera masa, wadda a ciki take yi wa wani ƙanin mijinta shaguɓe a kan rowa. Ban kai rabi ba ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Har wannan ya sa? Ke Malama, kada ku bari wannan ta fita. Mutumin ya mutu, 'ya'yansa suna nan, gaisawa muke yi!"

Tsakar gidan ta kaure da dariya, har Inna sai da ta yi tari. Wata kuma ta ce ita nata a kai har Makka, ba ruwanta. Aka ja waƙar tare, muryoyin suna rawa, Ummi tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsu baki buɗe. Da dariyar ta lafa, Inna ta juyo da fuskarta wajen da take jin muryata.

"Ya ce yana nan tafe in hannun ya yi sauƙi. Ke da kika yi boko, irin wannan ciwon yana daɗewa?"

Na kalli Saude, ta kawar da kai. Na ce, "Sauƙi na Allah ne, Inna." Ta ce haka ne.

Inna ba ta ga damunar da ta biyo baya ba. An ce kundin yana ƙarƙashin filonta har ranar da ta cika. Malam Nasiru ya ci gaba da aiko da kaset duk lokacin da Alhajin goro ya je, kullum yana cewa bayan salla, in jiki ya ƙara ƙwari. Saude ta fara shirin bin Alhajin ta je ta taho da shi da kanta. Ana cikin neman takardun tafiya ciwon ya sake bugunsa. A can aka binne shi.

Bayan ta fita takaba ta zo ofis. Yanzu izini ya dawo hannunta da na 'yarta da sauran magada, na kuma yi mata bayanin haka, na ce in suna son a buga, Farfesa yana nan a kan bakansa. Ta ce ta bi gidajen kamar yadda ya so yi. Biyu sun yarda, Baba Kande ta ce a cire waƙarta, sauran kuwa sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu kuma kansu bai haɗu ba. Don haka a bar shi yadda ya bar shi, sai Ummi ta girma ta ga abin da za ta iya. Na rubuta hakan a fayil. Har ta miƙe za ta tafi, sai ta koma ta zauna.

"Malama, ranar farko na fita daga nan ina jin haushinku. Amma kin san me ya sa na riƙa dawowa? A shekarun nan kowa ya gama da shi. An ba wani ofishinsa, 'yan uwana suna cewa in yi aure, maƙwabta in sun ambace shi sai su sassauta murya. Ku kaɗai ne a garin nan kuka ce ba za a taɓa kayansa ba sai an tambaye shi."

Na raka ta har bakin titi, muka tsaya tare har ta sami mota.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Yanzu da ake ɗora kundaye a intanet, da danna maɓalli ɗaya aikin mutum zai kai ko'ina, za a riƙa zuwa muku da hujjoji masu kyau, daga mutanen kirki, a ce ai marubucin ba zai damu ba, ai taimakonsa za a yi. Wataƙila ma gaskiya ne. Amma ba ku san alkawarin da ya ɗauka kafin a buɗe masa baki a yi masa magana ba, shi kaɗai ya sani. Kada ku kori mai nema, ku ba shi wurin zama, ku yi masa duk abin da ƙa'ida ta yarda, ku taya shi cigiya. Sannan ku nemi mai abin, komai nisan inda yake. Sau da yawa za ku tarar yana can yana jiran a tambaye shi.